Manomi ne ko ɗan siyasa mai gona? Batun Sanata Chuck Grassley na Iowa

Ɗan_Bakori: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wani dattijo a Majalisar Dattawan Amurka da nake so mu yi magana a kansa, Chuck Grassley, mai wakiltar jihar Iowa a jam'iyyar Republican. An haife shi a 1933 a wani ɗan ƙauye da ake kira New Hartford. Ya shiga majalisar dokokin jiharsu a 1959, ya wuce Majalisar Wakilai ta tarayya a 1975, daga 1981 kuma yana Majalisar Dattawa har yau. Duk tsawon shekarun nan bai rabu da gonarsa ta masara da waken suya da ke gundumar Butler ba, kuma kowace shekara sai ya zaga gundumomin jihar 99 ya zauna da mutane su yi masa tambayoyi. Ni a ganina noman nan ne ya riƙe shi a kujera. Wanda ya san zafin rana, ya san yadda ake kwana da tunanin bashin taki, ya fi lauya ko ɗan kasuwa iya wakiltar mutanen karkara. Ko akwai mai ganin ba haka ba?

Matashiya_Zee: Wa alaikumus salam. Ni dai tun daga shekarun na tsaya. Mutumin da ya fara cin zaɓe kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, kuma har yanzu yana kan kujera? Baba Ɗan_Bakori, wannan ba abin yabo ba ne a wurina. Wa'adin da yake kai yanzu sai Janairun 2029 zai ƙare, lokacin yana da shekara 95. Su 'ya'yan Iowa da jikokinsu babu mai ƙwaƙwalwa ne?

LauyanTalaka: Malam Ɗan_Bakori, akwai gyara kaɗan. Yadda ka kawo labarin kamar daga kan kunya aka ɗauko shi aka kai majalisa. Mutumin nan ya yi digiri na farko a 1955 da na biyu a 1956 a kimiyyar siyasa, a makarantar da yanzu ake kira Jami'ar Arewacin Iowa. Yana da shekara 25 ya ci zaɓen farko. Wato tun yana saurayi siyasa ya nufa. Manomi ne, ban musa ba, amma wanda ya shafe sama da shekara 60 a majalisu, sana'arsa siyasa ce.

Ɗan_Bakori: Barista, to karatun ya cire shi daga manoma ne? Mu ma nan akwai masu digiri da ke noma.

LauyanTalaka: Bai cire shi ba, Malam. Abin da nake cewa, kada mu ba gona ladan abin da ƙwarewar siyasa ta yi.

Mazaunin_Ames: Salam. Ina zaune a Iowa, a garin Ames, ina karatun aikin gona, saboda haka bari in ɗan sa baki. Da farko ku cire hoton gonar da muka sani a gida daga zuciyarku. Matsakaiciyar gona a jihar nan ta kai wajen eka 350, kuma mutum ɗaya ko biyu ne ke noma ta da tarakta da injin girbi. Shuka ta 'yan kwanaki ce a watan Afrilu zuwa Mayu, girbi a Oktoba. Saboda haka mutum zai iya zama a Washington ranakun aiki, ya dawo gida ƙarshen mako ya hau tarakta. Ɗansa Robin ne ke riƙe da aikin yau da kullum, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Amma a nan ba wanda zai ce maka bai san noma ba. Duk damina yana saka hotunan masararsa da wakensa a X yana bayanin inda suka kai, daga tsiro zuwa fitar gemu zuwa bushewa.

Na halarci ɗaya daga cikin tarurrukan gundumomin a wani ƙaramin ɗakin taro. Babu maroƙa, babu rabon kuɗi, babu jerin gwanon motoci. Ya tsaya da 'yar takarda da biro, aka riƙa ɗaga hannu. Wata tsohuwa ta yi masa magana mai zafi kan kuɗin magani, wani manomi ya yi ƙorafin farashin shanu, wani kuma ya fito fili ya ce masa lokacin hutawa ya yi. Ya saurari kowa, ya rubuta. Wasu amsoshin ba su gamsar da ni ba, amma tsayuwar da ya yi a gabansu ta burge ni ƙwarai.

Uwar_Ikram: Allah sarki. Wannan zagayen shi ne ya fi taɓa ni. Mu a mazaɓarmu rabonmu da ganin wakilinmu tun ranar da ya zo neman ƙuri'a. Ko a ce bai yi mana aiki ba, ya zo dai ya ji ta bakinmu.

Kwamared_Sani: @Mazaunin_Ames ka faɗi rabi ka bar rabi. 'Yan adawarsa a jihar sun daɗe suna ƙorafin cewa da yawa daga cikin tarurrukan nan ba a buɗe suke ga kowa ba. Wani a masana'anta ake yi, wani a makarantar sakandare, wani da ƙungiyar 'yan kasuwa, kuma manyan birane inda 'yan Democrat suka fi yawa ba kasafai ake buɗe ƙofa ga kowa ba. Ka je gunduma ka gana da waɗanda aka zaɓa maka daban, ka tsaya a gaban duk wanda ya ga dama ya shigo daban.

Mazaunin_Ames: Gaskiya ne, Kwamared, ana wannan ƙorafin kuma yana da tushe. Wanda na halarta a buɗe yake, amma ba duka ne haka ba.

BabanGwarzo: Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya. Abin da nake dubawa ga duk wanda ya ce shi wakilin manoma ne shi ne me ya yi ranar da manoma suka shiga uku. Grassley ya shiga Majalisar Dattawa daidai lokacin da bala'i ya afka wa manoman Amurka. A shekarun 1970 sun ci bashi sun sayi filaye da injina saboda hatsi na tsada. Sai a 1980 Shugaba Carter ya hana sayar wa Tarayyar Soviet hatsi saboda mamaye Afghanistan, kuɗin ruwa na banki ya tashi har wajen kashi 20 cikin ɗari, farashin hatsi ya faɗi. Darajar gonaki a Iowa ta zube da fiye da rabi tsakanin 1981 da 1986. Bankuna suka dinga ƙwace gonakin da aka gada tun kaka da kakanni suna gwanjonsu. Akwai manoman da suka kashe kansu saboda baƙin ciki.

A 1986 aka ƙara wani sashe a dokar karayar arziki, Babi na 12, wanda aka yi musamman domin manoma masu gonar iyali, kuma Grassley ne ya jagoranci kawo shi. Ma'anarsa, manomin da bashi ya yi wa katutu zai je kotu a sake tsara masa biya gwargwadon abin da gonar ke iya bayarwa, ya ci gaba da nomansa, maimakon a sayar da komai a bar shi da iyalinsa a titi. Da farko na wucin gadi ne, a 2005 ya zama na dindindin. Duk wanda ya taɓa ganin manomi ya sayar da shanun huɗarsa don biyan bashi ya san darajar irin wannan doka. Ni a nan na yarda da Ɗan_Bakori. Sai wanda maƙwabtansa ke rasa gonakinsu a gaban idonsa zai ɗauki abin da zafi haka.

Ɗan_Bakori: Allah ya saka da alheri, Baba. Ka faɗi abin da na kasa faɗa.

LauyanTalaka: Baba, da girmamawa, duk sanatan da ke wakiltar Iowa a lokacin, manomi ne ko ba manomi ba, dole ya yi wani abu ko a kayar da shi. Tom Harkin, ɗan Democrat, lauya ne, ya wakilci jihar a Majalisar Dattawa daga 1985 zuwa 2015, ya shugabanci kwamitin aikin gona, kuma manoma sun sake zaɓensa sau da yawa. Jihar ce ke tilasta wa wakilinta kula da noma.

BabanGwarzo: Na ji, ɗana. Amma wanda aka tilasta da wanda abin ke cikin jininsa ba su zama ɗaya ba.

Abu_Safwan: Ni noman nasa bai dame ni ba. Ina matsayinsa kan yaƙe-yaƙen da Amurka ta kai ƙasashen Musulmi? Nan nake auna su.

Kwamared_Sani: @Abu_Safwan a Janairun 1991, da aka kaɗa ƙuri'a kan ba Bush babba izinin yaƙi da Iraƙi saboda Kuwait, 'yan Republican biyu kacal suka ƙi amincewa a Majalisar Dattawa, shi da Mark Hatfield na Oregon. Amma a 2002 ya goyi bayan ba Bush ƙarami izinin da ya kai ga mamaye Iraƙi a 2003. Ka ga a na farko ya tsaya shi kaɗai kusan, a na biyu ya bi ayari. Kuma na biyun ne ya fi ɓarna.

Abu_Safwan: To ka ji. Wannan ƙuri'ar ta 2002 kaɗai ta ishe ni. Rayukan da aka rasa a Iraƙi ba za a auna su da buhunan masara ba.

Damagaram_77: 'Yan uwa, ni daga Nijar nake bibiya. Tambaya ce da ni: a tsarinsu babu iyakar wa'adi ga sanata ne?

LauyanTalaka: Babu, Malam. A matakin tarayya, shugaban ƙasa ne kawai aka taƙaita wa zango biyu. Sanata shekara 6 yake yi, kuma zai iya dawowa iya yadda aka zaɓe shi. Robert Byrd ya yi shekara 51 a kujerar har ya rasu a 2010. Strom Thurmond sai da ya cika 100 kafin ya sauka a 2003. Kuma tsarin majalisar yana saka wa wanda ya daɗe: yawanci wanda ya fi daɗewa a kwamiti daga jam'iyya mai rinjaye shi ke shugabanta. Ta haka Grassley ya riƙe kwamitin kuɗi, wanda haraji da cinikayya da ƙasashen waje ke ƙarƙashinsa, ya kuma riƙe kwamitin shari'a. A Janairun 2023 ya zama ɗan Republican mafi daɗewa a tarihin majalisar, ya wuce Orrin Hatch. Iowa mutum miliyan 3 da ɗoriya ce, California kusan miliyan 39, amma kowacce sanata biyu gare ta. Ƙaramar jiha ta san cewa tsohon sanata shi ne jarinta. Idan suka kawo sabo, daga bayan layi zai fara.

Matashiya_Zee: To ai wannan ne ma matsalar, Barista. Tsarin ya sa mutane na tsoron canji ko da sun gaji. Sanata Dianne Feinstein ta California sa'arsa ce, 1933 aka haife su duka. Kowa ya ga yadda ta ƙare, ana turo ta a keken marasa lafiya, hadimai na raɗa mata yadda za ta kaɗa ƙuri'a, har ta rasu a kan kujera a 2023. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Kuma Grassley a matsayinsa na shugaban riƙo na Majalisar Dattawa shi ne na uku a layin gadon shugaban ƙasa, bayan mataimaki da kakakin Majalisar Wakilai. Mutum mai sama da shekara 90!

Mazaunin_Ames: 'Yar uwa, ba duk tsufa ne ɗaya ba. Daga 1993 zuwa Nuwambar 2020 mutumin nan bai rasa ƙuri'a ko ɗaya a zauren majalisa ba, sama da 8,900 a jere. A 1993 ambaliyar da ta ci Iowa ce ta sa ya rasa, a 2020 kuma korona ce ta kama shi. Amma kina da gaskiya cewa mutanen jihar ma sun fara nuna gajiya. A da yakan ci zaɓe da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. A 2022 da ya kara da Michael Franken, tsohon hafsan sojan ruwa, ya samu wajen kashi 56 ne, shi ne mafi ƙarancin rata tun zaɓensa na farko a 1980 da ya kayar da John Culver.

Uwar_Ikram: Zee, ni ban ga laifin tsufa ba in dai hankali na nan kuma jama'a ne suka zaɓa da hannunsu, ba maguɗi aka yi ba. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Matashiya_Zee: Hajiya, ina girmama manya. Amma dokokin da ake yi yau kan intanet da sauyin yanayi da bashin ƙasa, mu da 'ya'yanmu za mu rayu da su. Kuma ki duba, jikansa Pat Grassley shi ne kakakin majalisar wakilan jihar Iowa tun 2020. Idan a wajenmu aka yi haka ai cewa za mu yi an mayar da mulki gado.

Kwamared_Sani: Ni abin da ya fi ɓata min rai da shi shi ne 2016. Alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya rasu a Fabrairu, Obama ya gabatar da Merrick Garland a Maris. Grassley ne shugaban kwamitin shari'a, ya ƙi ko kiran zaman tantancewa, wai shekarar zaɓe ce, a bar wa jama'a su yanke. Aka bar kujerar babu kowa sama da shekara guda har Trump ya cike ta. Sai ga 2020, wata alƙaliyar kotun, Ruth Bader Ginsburg, ta rasu a Satumba, aka tabbatar da Amy Coney Barrett a madadinta kwana takwas kafin zaɓe. Ba shi ne shugaban kwamitin ba a lokacin, Lindsey Graham ne, amma ya kaɗa mata ƙuri'a. Ina dattakun manomin ya tafi a ranar? Jam'iyya ta kira, ya amsa.

LauyanTalaka: Wannan batun kwamitin shari'a yana da wani labari da ya shafi tambayar farko kai tsaye. A 2014 wani ɗan majalisa na Democrat, Bruce Braley, yana neman ɗaya kujerar sanatan Iowa. Aka ɗauki bidiyonsa yana gaya wa lauyoyi a wajen neman gudummawa a Texas cewa idan Republican suka ci majalisa, wani manomi daga Iowa da bai taɓa zuwa makarantar lauyoyi ba ne zai shugabanci kwamitin shari'a. Bidiyon ya fita, mutanen jihar suka ɗauka an raina manoma, ya ba da haƙuri amma bai tsira ba, Joni Ernst ta kayar da shi. Grassley kuwa ya zama shugaban kwamitin a 2015. Wannan ya nuna maka ƙarfin sunan manomi a siyasar jihar. Shi ya sa nake cewa gonar jari ce ta siyasa, kuma ya san haka sarai.

Ɗan_Bakori: Ni kuma abin da na gani a labarin nan, Barista, mutanen da ke alfahari da sana'arsu ne har suka hukunta wanda ya raina ta. Da mu ma muna haka da ba a mayar da kalmar baƙauye zagi ba.

Injiniya_MK: Kun bar babban abu. Kafin ya je Washington ya yi wajen shekara goma yana aikin masana'anta, yankan ƙarfe da layin haɗa kaya, har yana cikin ƙungiyar ƙwadago, saboda a lokacin majalisar jiha ba aikin cikakken lokaci ba ne kuma gonar ba ta isa riƙe gida. Ina ganin daga nan ya samo tsantseninsa kan kuɗin gwamnati. A tsakiyar shekarun 1980, zamanin Reagan ɗan jam'iyyarsu, yana cikin waɗanda suka tasa ma'aikatar tsaro gaba kan sayen guduma ɗaya a kan dala ɗari huɗu da wani abu, da murfin masai a kan dala 640.

Babban aikinsa a wurina shi ne gyaran 1986 ga dokar hukunta masu damfarar gwamnati, wadda asalinta tun 1863 ne zamanin Lincoln. Shi da Howard Berman na Majalisar Wakilai suka farfaɗo da ita. Idan ma'aikaci ya ga kamfaninsu na cutar gwamnati, a kwangilar soja ko kuɗin asibiti, zai iya shigar da ƙara da sunan gwamnati, in an ci a ba shi kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, kuma doka ta hana a kore shi saboda haka. Daga lokacin zuwa yanzu an ƙwato sama da dala biliyan 70. Wannan bai shafi masara ba ko kaɗan, amma ya fi duk abin da ya yi wa manoma girma.

Uwar_Ikram: Ba irin wannan aka kawo mana a 2016 ba, na masu kwarmata bayanai?

Injiniya_MK: Kusan haka ne, Hajiya, amma da bambanci. Namu manufa ce da Ma'aikatar Kuɗi ta fitar a Disambar 2016, lada kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari, ta nan ne aka gano dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi a 2017. Ba dokar majalisa ba ce, kuma mai tona asirin ba shi da ikon shigar da ƙara da kansa. Nasu doka ce da ta wuce shugabanni bakwai tana aiki. Ita ma @Matashiya_Zee ta lura da wannan: shekara kusan 40 yana tsaron dokar nan, duk lokacin da kotu ko kamfanoni suka nemi rage mata ƙarfi sai ya kawo gyara. Daɗewa tana da wannan amfanin.

Matashiya_Zee: Na lura, Injiniya. Amma dokar da ba za ta rayu ba sai mutum ɗaya na raye, akwai matsala a tsarin.

Mai_Kaji_Jos: Ku bar ni in kawo ɓangaren da ya shafe ni a matsayin mai kiwon kaji. Mutumin nan na gaba-gaba wajen kare man itanol da ake yi da masara. Dokokin 2005 da 2007 sun wajabta a riƙa gauraya shi da fetur, kuma yau fiye da rabin masarar Iowa can take tafiya. Ga manomin Iowa alheri ne, an samar masa kasuwar da ba ta mutuwa. Amma Amurka ce ta fi kowa noman masara a duniya. Idan ta juya kaso mai yawa zuwa tankin mota, farashi a kasuwar duniya na motsawa. Da abinci ya yi tsada a 2007 da 2008, masana da dama sun lissafa wannan cikin dalilan. Wakilin manoma ne, na yarda, amma manoman jiharsa. Ba namu ba.

BabanGwarzo: Ai ba mu muka zaɓe shi ba, ɗana. Aikinsa ke nan, ya kare mutanensa. Sai dai kada mu manta daga Iowa ɗin nan masanin aikin gona Norman Borlaug ya fito, wanda ya jagoranci shirin bunƙasa noma na Sasakawa Global 2000 da ya shigo Najeriya a 1992. Da idona na ga yadda gonakin gwaji suka sauya yadda ake shuka masara a wajenmu, tazarar shuka, ƙwaya ɗaya a rami, binne taki maimakon watsawa. Su suna samun tan 12 ko fiye a hekta, mu muna fama da wajen tan 2. Ba addu'a suka fi mu ba, bincike ne da tallafi da wakilai masu tsaya musu.

Kwamared_Sani: Tunda an zo maganar tallafi, shi kansa yana karɓa. A 2018 da Trump ya shiga yaƙin haraji da China, China ta rage sayen waken suyan Amurka sosai, gwamnati ta ware biliyoyin daloli don rage wa manoma asara, kuma Grassley ya fito ya ce zai nemi nasa kason. Sanata mai albashi, mai hannu a tsara manufofin noma, yana cin gajiyarsu. Ni ban ga dacewar hakan ba.

Mazaunin_Ames: Ya nema, haka ne, kuma bai ɓoye ba. Amma a yi masa adalci: shekara da shekaru yana faɗa a sa iyaka mai tsauri kan yawan tallafin da gona ɗaya za ta karɓa, saboda manyan gonaki ne ke kwashe mafi yawa, su yi amfani da shi su saye filayen ƙanana. Ya ƙi amincewa da babbar dokar noma ta 2014 saboda an cire iyakar da ya sa, ya sake ƙin ta 2018 saboda an faɗaɗa waɗanda za su iya karɓa har da 'ya'yan 'yan uwa da ba sa taka gona. Sanatan Iowa ya ƙi dokar noma, ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma shi da Jon Tester na Montana, wanda shi ma manomi ne amma ɗan Democrat, sun yi ta kai ƙudiri kan kamfanoni huɗu da ke yanka wajen kashi 85 cikin ɗari na shanun da aka turka a ƙasar. Sai dai ba su kai ga nasara ba.

LauyanTalaka: Na gode da ka ambaci Tester. Shi da hannunsa yake noma gonarsa a Big Sandy, ya yi shekara 18 a majalisa, amma a 2024 aka kayar da shi. Idan noma ne ke riƙe mutum a kujera, me ya sa bai riƙe Tester ba? Amsar ita ce jam'iyya. Karkarar Amurka ta koma Republican, Montana ta juya wa Democrat baya. Iowa ma da ta zaɓi Obama sau biyu yanzu ta zama ta Republican. Grassley na gefen da iska ke kaɗawa.

Ɗan_Bakori: Amma ya ci zaɓe a shekarun da jihar ke zaɓen Democrat a shugaban ƙasa, Barista. A 1992 Clinton ya ci Iowa, shi kuma ya ci nasa da rata mai yawa a rana ɗaya. Wato akwai waɗanda suka dangwala wa Clinton suka juya suka dangwala masa. Jam'iyya kaɗai ba za ta bayyana wannan ba. Ni har yanzu ina kan bakana, sun ga nasu ne.

Injiniya_MK: Wani abin da ba a ambata ba, rangwamen harajin lantarkin iska na 1992 shi ya kawo shi. Yau fiye da rabin wutar Iowa daga iska ake samu, kuma manoma na karɓar kuɗin haya duk shekara kan turakun da aka kafa a gonakinsu. Lokacin da ya kawo shi ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci.

Matashiya_Zee: Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma 1986, 1992, duk ayyukan da kuke lissafawa ya yi su ne yana da shekara hamsin da wani abu. Wannan ai hujjata ce. A ba wani mai hamsin ɗin dama shi ma ya yi nasa.

Mazaunin_Ames: Dokar sassauta hukuncin fursunoni ta 2018 da ya yi da Dick Durbin na Democrat, yana da shekara 85 ya yi ta, 'yar uwa. A Afrilun 2025 kuma shi da Maria Cantwell suka gabatar da ƙudirin rage wa shugaban ƙasa ikon ƙaƙaba harajin kaya ba tare da majalisa ba, alhali shugaban ɗan jam'iyyarsa ne.

Kwamared_Sani: Gabatarwa daban, tsayawa a kai har ya zama doka daban. Wannan ƙudirin bai je ko'ina ba.

Damagaram_77: @Mazaunin_Ames don Allah idan za a sake irin taron nan kusa da kai ka je ka tambaye shi maganar Mai_Kaji_Jos kan masara da itanol. Ina so in ji me zai ce wa wanda ba ɗan ƙasarsu ba.

Mazaunin_Ames: In sha Allah. Ofishinsa kan sanar da waɗanda za a buɗe wa kowa 'yan kwanaki kafin ranar, yawanci lokacin hutun majalisa. Idan ya faɗo ranar da ba ni da aji zan je, in kawo muku abin da ya ce.